Yokabed, Uwar da Ta Ba da Ɗanta Riƙo

Ya mai karatu, babu gidan da ba a san sunan Musa ba a ƙasarmu, ko gidan Kirista ko na Musulmi. Amma in ka tare mutum goma a kasuwar Gazawa ka tambaye su sunan matar da ta haife shi, da wuya ka sami ɗaya da zai faɗa maka. Sunanta Yokabed. Ayoyin da suka yi zancenta cikin Littafi Mai Tsarki ba su cika shafi ɗaya ba, duk da haka ya kamata ka san ta, gama ita uwa ce wadda ta ga ba za ta iya riƙe jaririnta ba, ta zauna ta shirya yadda wata za ta riƙe shi. Irin wannan rana tana zuwa wa gidaje da yawa a cikinmu.

Yokabed ta yi zamaninta a ƙasar Masar fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Ba'ibraniya ce daga zuriyar Lawi, a Masar kuwa aka haife ta, kamar yadda Littafin Ƙidaya sura 26 ya nuna. Mijinta Amram, shi ma Balawe ne. Littafin Fitowa sura 6 ya ce ita goggonsa ce, wato 'yar'uwar ubansa. Kada wannan ya dame ka. Dokar da ta hana irin wannan aure ba ta zo ba tukuna, sai daga baya aka ba da ita, ta hannun ɗan da wannan aure ya haifa. Masu sanin harshen Ibrananci suna cewa ma'anar sunanta ta haɗa sunan Ubangiji da ɗaukaka.

Yunwa ce ta kai iyayenta Masar, yadda ta sha korar mutanenmu zuwa kudu. Su 70 ne sa'ad da suka shiga a zamanin Yusufu, aka ba su yankin Goshen domin kiwo. Baƙuntar ta zama zama. Suka hayayyafa, har aka yi wani Fir'auna wanda bai san Yusufu ba, ya dubi yawansu ya tsorata. Ya sa su aikin tilas na kwaɓa ƙasa da yin tubali, suka gina masa biranen ajiya biyu, Fitom da Ramases. Wahala ba ta rage su ba. Sai ya kira ungozomai biyu, Shifra da Fu'a, ya umarce su su kashe kowane ɗa namiji a wurin haihuwa. Matan nan suka ji tsoron Allah, suka ƙi. Da ya ga haka ya daina ɓoyewa, ya ba dukan jama'arsa umarni a jefa kowane jariri namiji na Ibraniyawa cikin Kogin Nilu, a bar 'yan mata.

A lokacin Yokabed tana da 'ya'ya biyu, Maryamu babba, da Haruna wanda ya girmi Musa da shekara 3. Ke mai karatu da kika taɓa ɗaukar ciki, ki yi tunanin watanninta tara. In mace ce, za a bar mata. In namiji ne, kogi. Kowane motsi da ɗan ya yi a cikinta yana tuna mata da wannan. Ranar haihuwa ta zo, ga shi namiji, kyakkyawa.

A wurinmu in an haihu gari yakan sani. Ana guɗa, ana dafa ruwan wankan jego, mata suna shiga da fita yin barka, ran suna a yanka rago. Ita kuwa dole ta yi jego a ɓoye. Wata uku ta ɓoye shi, tare da mijinta, domin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa sura 11 ta lasafta su biyu cikin masu bangaskiya saboda wannan. Amma jariri ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a rufe. Kukan ɗan wata uku yakan tsallake darni. Kowace rana haɗarin yana ƙaruwa, a kan ɗan da kuma sauran mutanen gidan. Ta kai inda ba ta iya ɓoye shi kuma.

To, a nan nake so ka rage sauri, ka dubi abin da hannunta ya yi. Ta samo kwando na iwa, irin ciyawar ruwa da Masarawa suke yin kwale-kwale da ita. Ta dalaye shi da kwalta da ƙaro don kada ruwa ya shiga. Matan da suke saƙar kaba a bakin Gulbin Kaba sun san wannan ba aikin gaggawa ba ne. Sai an shafa, an bar shi ya bushe, an duba kowace kafa. Kwandon yana da murfi. Ba ta tura shi tsakiyar kogi inda ruwa yake gudu ba, a cikin kyauro ta ajiye shi a bakin gaɓa, inda ba zai tafi ko'ina ba, inda kuma mutane suke saukowa. Nilu ba kamar Gulbin Maradi ba ne da yakan kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani. Ruwansa ba ya yankewa, rayuwar Masar duka a bakinsa take, saboda haka bakin kogi wurin jama'a ne. Bayan wannan duka, 'yar'uwar jaririn ta tsaya daga nesa tana tsaro, don ta ga abin da zai faru. Kusan kowa ya yarda Maryamu ce.

Akwai wani abu da masu karanta Ibrananci suka lura da shi. Kalmar da aka kira kwandon nan da ita, ita ce aka kira jirgin Nuhu da ita, ba a kuwa yi amfani da ita a wani labari ba sai waɗannan biyu. Shi ma jirgin Nuhu an shafe shi ciki da waje don ya tsare rai a kan ruwa.

Mutane sukan ce uwar Musa ta jefar da ɗanta. Ni ban yarda da wannan magana ba. Mai jefarwa takan nemi wurin da ido ba zai gani ba, masai ko tsohuwar rijiya ko bayan gari, ta juya baya ta tafi. Wannan kuwa ta nemi wurin da ido zai gani, ta kuma bar nata idon a wurin.

Sai ga 'yar Fir'auna ta sauko wanka, kuyanginta suna yawo a bakin gaɓa. Ta hangi kwandon, ta aiki baiwarta ta ɗauko. Da ta buɗe ta ga jariri yana kuka, tausayi ya kama ta. Nan take ta gane ɗan Ibraniyawa ne. Ta san dokar ubanta sarai, ta kuwa san abin da dokar ta ce a yi da shi, ga ruwan a gabanta. Ba ta yi ba. Mu masu wa'azi mukan yi saurin wuce matar nan saboda 'yar maƙiyi ce mai bautar gumaka, amma ta cancanci yabo. Maƙwabtanmu Musulmi suna da labarin nan cikin Suratul Ƙasas, a wurinsu kuwa matar Fir'auna ce ta roƙa a bar yaron, suna kiranta Asiya, suna girmama ta ƙwarai. In kana hira da maƙwabcinka a kan riƙon yara, ga wurin da za ku fahimci juna.

Yarinyar da take tsaro ba ta gudu ba. Ta matso gaban gimbiya, ita 'yar bayi, ta tambaya ko ta je ta kirawo mata wata Ba'ibraniya da za ta shayar da jaririn. Gimbiya ta yarda. Yarinyar ta sheƙa ta kirawo uwarsa. Aka miƙa wa Yokabed ɗanta, aka ce ta yi renonsa domin gimbiya, za a biya ta lada. A ganina gimbiya ba wawuya ba ce. Yarinya ta ɓullo daga cikin kyauro daidai lokacin, ta dawo da mace mai nono a cike wadda babu jariri a bayanta. Kowace mace za ta gane. In ta gane, ta yi shiru, shirun nan kuwa alheri ne.

Haka ɗan ya koma ɗakin uwarsa, yanzu yana iya kuka yadda ya ga dama, gama ɗan gidan sarki ne. A zamanin dā a ƙasashen nan ana shayarwa shekara biyu zuwa uku. Wani tsohon rubutun Masar na gargaɗi yana tuna wa ɗa cewa ya sha nonon uwarsa shekara uku. Kwanakin nan su ne rabonta, ta kuma san ƙidayayyu ne.

Yawancin masu ba da labarin nan a makarantar Lahadi sukan tsaya a nan, wurin murna. Amma bayarwa ta biyu tana gaba, ita ce kuwa mai ciwo. Da yaron ya yi wayo, Yokabed ta ɗauke shi ta kai wa 'yar Fir'auna, ya zama ɗanta. Littafi bai ce an aiko dogarai sun ƙwace shi ba. Ita ta kai shi. Ranar kwando, jariri ne wanda bai san kowa ba. Wannan rana kuwa yaro ne da ya san fuskarta, yana kiranta, yana riƙe zanenta. Ta cika alkawarin da ya ceci ransa, ta komo gida hannu wofi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ran yaye akan ɗauki yaro a kai shi wurin kaka don ya manta da nono, sau da yawa kuma daga nan riƙo yake farawa. Goggo marar haihuwa takan roƙi ɗan ɗan'uwanta tun yana ciki. Kunyar ɗan fari takan sa iyaye su bar wa kakanni shi. Wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan da aka ba ta, ta kuma bayyana yadda dangi suke ba juna yara. Riƙo ya rufa wa gidaje da yawa asiri a yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da kuma ta 2005 wadda ta fi tsanani ga ƙananan yara a jihar Maradi. Al'ada ce mai kyau in an bi ta da tsoron Allah. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, kunya takan hana uwa nuna abin da yake ranta. Ana ganin fuskarta a sake, a ce ba ta damu ba. Ta damu.

Ka lura da abin da Yokabed ta rasa. Ko sunan da duniya ta san ɗanta da shi ba ita ta raɗa ba. Gimbiya ce ta sa masa Musa, domin daga ruwa ta tsamo shi. Ya tashi da harshen Masar da tufafin Masar, a gidan da ake sujada ga gumaka. Istifanas ya ce cikin Ayyukan Manzanni sura 7 an koya masa dukan ilimin Masarawa. Bayan shekaru, da 'yan matan Madayana suka gan shi a bakin rijiya, suka gaya wa ubansu wani Bamasare ne ya taimake su. Wanda ya ba da ɗa riƙo ya ba da ikon tarbiyyarsa ta kullum. Kada ka ba da yaro yau, gobe kana leƙe kana gyara wa mai riƙo yadda za ta ba shi fura. Shi ya sa tunanin gidan da za a kai shi yake zuwa kafin bayarwa.

Duk da haka abu ɗaya bai ɓace ba. Sa'ad da Musa ya kai shekara 40, ya fita ya duba Ibraniyawa a wurin aikinsu, ya san 'yan'uwansa ne. Da Allah ya yi masa magana a kurmi mai cin wuta, ya bayyana kansa a matsayin Allah na ubansa, ya kuma ambaci Haruna kamar wanda Musa ya riga ya sani. Ashe ba a ɓoye masa asalinsa ba. Ɗan shekara uku ba ya riƙe tarihin Ibrahim da Ishaku, amma yakan riƙe murya da waƙar goyo da sunan da ake kira in ana addu'a. Uwa ta shuka, uwar riƙo kuma ba ta tumɓuke ba.

Yanzu bari in yi magana da ke wadda kike cikin irin wannan hali. Wataƙila mijinki ya rasu ya bar ki da ciki da yara huɗu. Wataƙila ciwo ya kwantar da ke. Wataƙila kuma ke budurwa ce, cikin da kike ɗaurewa da zane ba wanda ya sani, wanda ya yi shi kuma ya musa. Yokabed ba ta ɗauki kayan nan ita kaɗai ba, da mijinta da 'yarta a ciki. Ki nemi mace ɗaya mai riƙe asiri, matar fasto ko wata dattijuwa a zumuntar mata, ki gaya mata tun ciki bai tsufa ba. Ki je awo a likita. Shawarar da aka yanke a daren naƙuda, cikin duhu da tsoro, ita ce takan ƙare a rijiya. Kuma ki fara tambayar kanki ko taimako kike bukata, ba rabuwa ba. Yokabed ta riƙe ɗanta har iyakar ƙarfinta kafin ta nemi wata hanya. Wani lokaci damin gero daga ikkilisiya da ɗaki a gidan kawu sun isa uwa ta riƙe nata.

In ya zama dole a bayar, a san gidan. Dangi su ne na fari, amma ba kowane ɗan'uwa ya dace ba. Ki dubi yadda matar take da yaran da suke gabanta. Ki tambaya ko ɗa take so, ko mai talla da ɗebo ruwa. Dukanmu mun san 'yar riƙo da take daka tun asuba, 'ya'yan gida suna wucewa lakwal da jakunkuna. A yi maganar a gaban shaidu, dattawan ikkilisiya da mai gari, a faɗi wanda zai sa yaron makaranta, da wanda zai biya magani, da lokacin da uwa za ta zo ganinsa, da wanda zai aurar in mace ce. A yi masa takardar haihuwa a ofishin magajin gari da sunan iyayensa na gaskiya. Ku tuna kuma, bisa ga al'ada da shari'ar da ake raba gado da ita a ƙauyukanmu, ɗan riƙo ba ya gādon mai riƙonsa, gādonsa yana gidan ubansa. Wanda yake so ya bar masa gona sai ya ba shi kyauta tun yana da rai, a gaban shaidu. Mai so yaro ya zama ɗansa a idon hukuma kuwa, sai ta hannun alƙali.

Kada kuɗi ya shiga tsakani. Ladan da aka ba Yokabed na shayarwa ne, ba kuɗin ɗa ba ne. A 2014 an ta da babbar shari'a a Yamai a kan jarirai da aka ce an sayo daga kudancin Nijeriya aka biyo da su ta Benin. Baƙon da ya zo da mota da alkawarin birni, yana gaggawa, ba ya so a kira shaidu, ba ya so ki san ƙofar gidansa, ki bar shi ya tafi da kuɗinsa.

Kai kuma uba, wanda 'yarka ta jawo maka abin kunya, na san zafin. Amma Amram bai buɗe ƙofa ya tura matsalar waje don ya tsira ba. In ka kori yarinyar da dare, kai ma kana da hannu cikin abin da zai sami jaririn. Laifi a yi masa horo a ikkilisiya yadda ya kamata, har da namijin, wanda sau da yawa mukan bari ya zauna a bencinsa ba abin da ya taɓa shi. Jaririn bai yi kome ba.

Daga ranar da ta kai shi fāda, Littafi bai ƙara ba da labarin abin da Yokabed ta yi ba. Musa ya kashe wani Bamasare ya gudu Madayana yana da shekara 40, ya yi shekara 40 kuma yana kiwon tumakin surukinsa Yetro. Ya komo Masar yana da shekara 80, Haruna yana da 83. Haruna ne ya fita ya tarye shi a jeji, ba a ambaci uwarsu ba. An rubuta shekarun mijinta, 137, nata ba a rubuta ba. A labarin kwando ma ba a faɗi sunanta ba, an ce wata 'yar Lawi kawai.

'Ya'yanta uku suka fitar da jama'a daga bauta, annabi Mika kuwa ya jera sunayensu tare cikin sura 6. Maryamu, mai tsaro a bakin kogi, ita ce ta ɗauki ganga ta ja mata waƙa a hayin teku. Ta rasu a Kadesh. Haruna ya zama babban firist na fari, ya rasu a Dutsen Hor yana da shekara 123. Musa ya rasu a ƙasar Mowab yana da 120. Kafin rasuwarsa aka ƙidaya jama'a a filayen Mowab kusa da Urdun, dubban maza bisa ga kabilansu. Cikin 'yan matan da aka rubuta sunansu a wannan lissafi akwai Yokabed, matar Amram, wadda ta haifi Haruna da Musa da 'yar'uwarsu Maryamu.